Babakura Mai Wankin Hula da Kundi Biyu

Duk wanda ya taɓa kai hula wanki a rumfar nan ta bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa a Nguru ya san Babakura, ya kuma san ba a sa shi gaggawa. Dogo ne siriri, da 'yar furfura a haɓa, ga taurin kai irin na wanda ya tashi a gidan malamai amma bai zama malami ba. In ka ce masa gobe kake da ɗaurin aure, sai ya ɗaga hular ya duba ta ciki da waje, ya ce, “Ita hular ba a gaya mata ba. Jibi.” Ka yi fushi ka tafi, jibin ka dawo ka tarar da ita tsaye ƙyam, ta sha sitaci ta sha bugu, sai fushin ya bi ruwa.

Mahaifinsa, Malam Abbagana, mai zaure ne, irin malaman da magidanta ke zuwa wurinsu da littafi a hammata. Babakura ya yi allo ya sauke, ya zauna a zauren nan shekara da shekaru, amma maganar gaskiya ladabin karatu kansa ya ɗauka, karatun kuwa ya bar wa 'yan'uwansa. Abu biyu ya fito da su daga zauren, ya riƙe su har ya fi mai zauren riƙewa: ba a buɗe sabon littafi sai an sauke na hannu, kuma ba a canja malami a tsakiyar littafi. Da waɗannan yake auna komai na duniya. Ko mai shayin da yake zama wurinsa bai taɓa canjawa ba, alhali kowa ya san shayin nan daga nesa ya hango madara.

Matarsa Mairam 'yar Gashua ce, ɗinkin hula take yi, kuma hula ce ta haɗa su. Wata hula zanna aka kawo masa wanki, ya tsaya yana kallon ɗinkin har mai hular ya gaji da tsayuwa. Ya tambaya wa ya ɗinka, aka ce wata yarinya ce a Gashua. Bai yi wata-wata ba ya hau mota, wai zai sayo tattasai. Tattasan dai ba a gan shi ba har yau, amma da shekara ta zagayo aka kawo amarya.

Mai wankin hula a wancan lokacin ba ya rabuwa da takarda, don da ita ake naɗe hula in ta bushe. Wani mutum mai suna Gaji ke kawo dilar tsofaffin takardu daga Kano, masu tsire da masu ƙosai da irin su Babakura suna saya. Wata rana yana warware nasa kason, tsakanin jaridu da tsofaffin takardun jarrabawa, sai ya ci karo da wani siririn littafi mai launi. Kowane shafi an raba shi gida-gida, kowane gida da zanensa. A bangon wani ƙato ne cikin koren kaya masu kama jiki, ya tallafo gadar jirgi da kafaɗa, mutane na gudu ta ƙarƙashinsa. Babakura ya juya littafin, ya sake juyawa, ya ga bai dace a naɗe hula da wannan ba tukuna. Ya cusa shi a aljihu ya kai gida.

Bayan la'asar suka zauna a tsakar gida, ita da allura a hannu, shi da littafi. Ya buɗe shi ta dama, yadda ya buɗe duk littafin da ya taɓa buɗewa a rayuwarsa, ya shiga bayani da muryar malamai. Ga gada a karye, ga ta ta miƙe ta haɗe da kanta, ga mutane suna komawa da baya suna murna. Mairam ta leƙo ta gefen kafaɗarsa, ta yi kallo na ɗan lokaci.

“Malam,” ta ce, “ni dai ban yi boko ba, amma ban taɓa ganin hayaƙi ya koma cikin wuta ba. Juya shi.”

Ya juya, labari ya zauna daidai. Ya ji kunya, amma bai nuna ba, sai ya ce dama gwada ta yake yi.

Turancin da ke cikin 'yan kumfan da ke fita daga bakin mutanen babu wanda ya iya a cikinsu. Saboda haka Mairam ta raɗa wa ƙaton suna Mai Kafaɗa, matarsa kuma Mai Tabarau, shi kuma Babakura ya zama bakinsu. A bakinsa Mai Kafaɗa mutum ne mai ladabi, sai ya ce wa azzalumi “wushe”, wato sannu da Barbarci, kafin ya ɗaga shi ya maka da ƙasa. Da Sharifa, autarsu, ta girma ta fara jin Turanci, ta taɓa karanta musu ainihin abin da aka rubuta. Mairam ta saurara shafi biyu ta ce, “Bar shi haka, 'yar nan. Na babanki ya fi daɗi.”

Babakura ya roƙi Gaji duk irin littafin nan da ya gani a dila ya ajiye masa. Suka riƙa zuwa jefi-jefi, wani ba bango, wani da tabon manja. A nan ne rikici ya taso. A wannan Mai Kafaɗa na da mata, a wancan gwauro ne. A wani an binne shi mutane na kuka, sai ga shi a na gaba yana kurɓar shayi kamar ba shi aka binne ba. Ran Babakura ya ɓaci ƙwarai, don shi a saninsa littafi magana ɗaya yake yi, in ma akwai saɓani sai a faɗi wanda ya ruwaito. Ya ce wannan ba karatu ba ne, raini ne, gobe duk rumfa za su koma.

Washegari da ya dawo ya tarar Mairam ta baza su a tabarma, ta kasa su kashi-kashi.

“Ba mutum ɗaya ke zana shi ba,” ta ce. “Dubi nan. Wannan inuwa yake cikewa da ƙananan layuka, ɗaya bayan ɗaya, hannunsa a natse. Wannan kuwa sauri yake yi ya tashi, ko yatsu bai tsaya ya daidaita ba. Wancan bai san yadda mace ke zama ba. Kowa da nasa labarin, suna ne kawai ɗaya.”

Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Matar da za ta kalli hula a kan mutum daga tsallaken titi ta faɗi gidan da aka ɗinka ta, ba mai zane ne zai ɓace mata ba. Babakura ya duba ya ga haka ne, hankalinsa ya kwanta: ashe ruwayoyi ne, kuma kowace da malaminta. Suka zaɓi mai natsattsen hannun nan, suka riƙa ce masa malaminmu. Sauran kuwa rumfa suka tafi, shi ya sa aka yi shekaru dattawan Nguru, har da masu rawani, suna karɓar hulunansu a naɗe cikin ƙattai masu naushin juna.

Abin da ya sa suka so ruwayar malaminsu ba faɗan ba ne. A wurinsa Mai Kafaɗa lebura ne a tashar jirgin ruwa, yana dawowa gida a gajiye, matarsa na yi masa faɗa don ya sake yaga riga. In an zo shafukan dambe Mairam sai ta mai da kai kan ɗinkinta ta ce a kira ta in ya koma gida. Haka suka bi shi sannu a hankali, in an samu giɓi su jira, in Gaji ya kawo su cike. Har suka iso wani juzu'i da ya ƙare a ɗakin girki: Mai Tabarau a tsaye, ta dafe bango, kofi ya suɓuce daga hannunta yana hanyar ƙasa, mijin ya waiwayo ido a buɗe. Daga nan sai bango.

Na gaba bai taɓa zuwa ba. Leda ta shigo gari ta kashe cinikin takarda, Gaji ya koma sayar da bandar kifi. Yara sun sha kawo wa Babakura wasu littattafan zanen, na wasu jarumai daban, ya ce a mayar, bai sauke na hannu ba. Kofin nan ya zauna tsakanin sama da ƙasa har manyan 'ya'yansu suka yi aure, har Sharifa ta shiga jami'a a Gashua. Lokaci-lokaci Mairam takan ɗago daga ɗinki ta ce, “Ni kam matar nan tana raina. Ko me ya same ta?”

Ciwon ya fara mata da kumburin ƙafa da kasala. Aka ce shawara, aka ce hawan jini, daga baya asibiti suka ce ƙoda ce. Aka shiga wankin ƙoda, ana yi tana ɗan farfaɗowa, kwana kaɗan ta koma. Allura ta gagare ta riƙewa, wannan kuwa ya fi ciwon kansa yi mata zafi. Wata rana likita ya ja Babakura gefe a baranda, ya yi masa magana a hankali, irin maganar da ake farawa da cewa komai na Allah ne. Babakura ya gane. Ya koma ɗakin, ta tambaye shi me aka ce, ya ce, “An ce da sauƙi.”

Ba za a zarge shi ba, haka muka tashi muka tarar. Mara lafiya ba a gaya masa, shi ma ba ya faɗa. Ka je duba mutum yana numfashi da ƙyar ka ce yaya jiki, ya ce da sauƙi, kai ma ka fito ka gaya wa na waje da sauƙi. Tausayi ne, kuma kyakkyawan zato ne ga Ubangiji. Sai dai wani lokacin yakan bar mai ciwo shi kaɗai da abin da ya sani, a tsakiyar ɗaki cike da masoyansa.

Da damina ta kankama Mairam ta ce a kai ta Gashua, gidan yayanta Saleh, inda aka haife ta, ta riƙa jin iskar kogi, ga kuma Sharifa kusa. Babakura ya rufe rumfa ya bi ta. Amma zama ya gagare shi. Ya kasa kallon ƙafafun nan, ya kasa kallon idonta, sai ya mai da tsoronsa tafiya. Yau an ce akwai mai saiwa a wani ƙauye bayan Jakusko, ya hau a-kori-kura. Gobe an ce wani a Jajimaji yana ba da rubutu, ya bi hanyar daji cikin taɓo. Yakan dawo da galan da ƙulle-ƙulle, ta sha don kada ransa ya ɓaci, ya kwana, da safe ya sake fita.

Sharifa ce ta tuna da kofin. Ta ɗauki hoton tsohon bangon da wayarta, ta shiga bincike, ta tambayi masu sha'awar irin waɗannan littattafai a makaranta. Ashe tuni an tattara juzu'an an buga su a dunƙule, kundi-kundi masu kauri. Ta san babanta ba zai karɓi na waya ba, don ya sha faɗa cewa abin da ba a iya sa wa tsinke a tsakiya ba littafi ba ne. Sai ta sa wani mai sayar da littattafai a Kano ya nemo, ya ba direba, ta je tasha ta karɓa. Ta karanta su ita kaɗai a makaranta kafin ta kawo, sannan ta tare mahaifinta a zauren gidan, ya dawo ke nan daga tafiya, ƙafarsa duk laka.

“Baba, na samo ci gaban Mai Kafaɗa.”

Ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu. Rabon da ta ga fuskarsa ta yi haske haka tun kafin ciwon.

“Amma guda biyu ne,” ta ce, ta ajiye su a kan tabarma. “Wannan mai baƙin bango na malaminku ne, shi ya zana har ƙarshe. Wannan mai ruwan ɗorawa kuma wani ne daban. Da na farkon ya fito mutane ba su ji daɗin ƙarshensa ba, suka yi ta ƙorafi, sai kamfanin da ke buga su ya sa wani ya koma kan kofin ya sake labarin.”

“Ya sake? Kamar ɗinkin da aka farke?”

“Haka suke yi, Baba. Kowa ya zaɓi wanda yake so ya bi.”

“To me malaminmu ya ce?”

Sharifa ta sunkuyar da kai. “Kofin ya fashe. Ciwo ne da ita, irin wanda ba ya jin magani. Ba ta tashi ba.”

Ya zauna a hankali. Ya jawo baƙin kundin, ya buɗe tsakiya, ya ga gado da ƙarfen ƙarin ruwa, da ƙananan layukan nan da ya sani kamar tafin hannunsa. Ya rufe da sauri. Ya buɗe ɗayan: Mai Kafaɗa ya cafe kofin kafin ya taɓa ƙasa, jiri ne kawai na mai juna biyu, can gaba ga jariri, ga dariya, ga rana ta fito.

“Ni dai a ganina mai ruwan ɗorawan za a karanta mata,” in ji Sharifa. “Ko kuma a fasa duka.”

Fasawa ba ta yiwuwa, don Sharifa da bakinta ta riga ta yi wa uwar albishir tun ranar da aka ce an samu. Babakura ya daɗe zaune da kundi biyu a gabansa. Da magana ce kawai da ya san yadda zai yi, shekara nawa yana sa wa mutanen nan magana a baki. Amma zane ba ya lanƙwasuwa, gado gado ne ko me ka ce a kansa. In ya karanta na gaskiya, ya faɗa mata abin da ya yi wata da watanni yana ɓoyewa. In ya karanta ɗayan, ya karya abin da ya riƙe tun daga zauren mahaifinsa, kuma ya yi mata ƙarya a wuri ɗaya da bai taɓa yi mata ba. Ya ji tausayinta, ya ji tausayin kansa, ya kuma ji haushin wani Bature da bai taɓa gani ba, wanda ya rasa abin da zai yi da baiwar hannunsa sai kashe matar mutane. A ƙarshe ya ɗauki baƙin ya tura ƙarƙashin jakar kayansa.

“Allah Ya gafarta wa Malam,” ya ce. “Yau ɗansa zai canja malami.”

Bayan la'asar aka fito da Mairam baranda, aka jingina ta da matasai. An yi ruwa da rana, tsakar gidan na ƙamshin ƙasa, ana jiyo masu dawowa daga fadamar shinkafa suna hira a bayan katanga. Ta sa an ɗaura mata ɗankwali mai kyau, wai yau ranar karatu ce. Babakura ya zauna kusa da ita, Sharifa a gefe, ya yi gyaran murya ya buɗe mai ruwan ɗorawa. Ya zage ya yi bayani, har da kwaikwayon muryar Mai Kafaɗa yana cewa alhamdulillahi da ya cafe kofi. Shafi ya bi shafi, Mairam ba ta yi dariya ba ko sau ɗaya.

“Miƙo in gani,” ta ce.

Ta kawo shi dab da fuskarta, ta bi zanen da babban yatsa yadda take bin ɗinkin da aka kawo mata ta duba. Ta buɗe gaba, ta dawo baya.

“Malam, yaushe ya rasu?”

“Wa?”

“Malaminmu. Don in yana da rai ba zai bari a yi wa matar nan hannu kamar cokali ba.”

Sharifa ta yi saurin cewa, “Umma, shi ne fa. Tsufa ya yi.”

“Tsufa rawa yake sa hannu, 'yar nan, ba ya sa shi gaggawa.” Ta ajiye kundin a cinyarta, ta juya ta kalli mijinta. “Ashe ana canja malami a tsakiyar littafi?”

Labarin zuciya a tambayi fuska, ta Babakura kuwa ta gama ba da shi.

“Tun da na kwanta kowa da sauƙi yake ce mini,” ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa amma ba ta rawa. “Likita da sauƙi, Yaya Saleh da sauƙi, kai da sauƙi. Ni ma in an tambaye ni haka nake cewa, don haka aka koya mana, kuma ban ce a daina ba. Amma ni ce a cikin jikin nan, Malam. Na riga likitan sani. Ku bar mini wuri ɗaya tak da ba za a ce mini da sauƙi ba. Je ka ɗauko na gaskiyar.”

Ya tashi ya ɗauko. Da ya dawo ta dafa masa gefen kundin suka riƙe tare.

Kofin ya fashe a gidan farko na shafin farko. Mairam ta sauke numfashi ta ce, “To, ya dai iso ƙasa.” Daga nan Babakura bai sa wa kowa magana a baki ba, ba a ma bukata, don shafukan kusan babu rubutu. Ga asibiti. Ga Mai Kafaɗa ya fita neman magani, yana tsallaka teku, yana ɗaga duwatsu, yana fasa ƙofofin masana. Tsakanin kowane shafi biyu kuma sai a nuno Mai Tabarau ita kaɗai a gado, fuskarta wajen taga, ga jug ɗin ruwa a kan tebur inda hannunta ba ya kaiwa.

“Ka ga wauta?” in ji Mairam. “Yana can yana ɗaga dutse, ita kuwa wanda zai miƙo mata ruwa take nema.”

Ba ta kalle shi ba da ta faɗa. Babakura ya ji maganar ta shige shi har ƙashi, don ya riga ya yi da wani direba za su tafi Jakusko da safe. Ya buɗe gaba. Can sai ga ƙaton ya dawo, ya cire koren kayan, ya jawo wata 'yar kujera da ta yi masa kaɗan ya zauna a bakin gado. Shafuka da yawa ba abin da yake yi sai zama, yana gyara mata matashi, yana goge mata tabarau.

“Yauwa,” ta ce. “Yanzu ya yi hankali.”

Da suka iso shafin da aka ja mayafi, Babakura ya ɗora tafinsa a kai ya rufe. Sharifa ta tashi ta shige ɗaki, ana jin kukanta ta labule. Mairam ta ɗan ture hannun nasa.

“Wannan na san shi, wuce. Ba tafiyarta nake son gani ba. Bayanta nake son gani.”

Bayan nata ba shi da daɗin kallo. Mai Kafaɗa ya rame, gemu ya cika masa fuska, rigar a yage ba mai ɗinkewa. Wata tsohuwa maƙwabciya tana ajiye masa kwano a bakin ƙofa, ta dawo ta tarar da shi yadda ta bar shi. A shafin ƙarshe yana zaune a ɗakin girkin nan, abinci ya huce a gabansa, bai taɓa ba. Malaminsu ya cike inuwar ɗakin da ƙananan layukansa, ɗaya bayan ɗaya, bai yi gaggawa ba ko a nan.

Mairam ta daɗe tana kallo, sannan ta yi tsaki.

“Sakarai. Duk ƙarfin nan, loma ɗaya ta gagare shi. Da ta ga wannan da ranta ya ɓaci.” Ta saki kundin ta kama hannun rigar mijinta. “Malam, dube ni. Na san halinka, in ranka ya ɓaci cikinka kake hukuntawa. Duk wanda ya kawo maka kwano, ka buɗe ka ci. Tun daga ranar farko. Ka ji?”

“Mairam, bar wannan maganar.”

“Ba zan bari ba. Ka ji?”

Hawaye ya zubo masa, bai share ba. Shekarunsu tare ba ta taɓa ganin haka ba, ba ta kuma kau da kai don ta rufa masa asiri ba.

“Na ji,” ya ce.

Ta koma ta jingina, kamar wadda ta sauke tulu. Can ta ce ai an sauke littafi, kuma ba a sauka ba sadaka. Washegari Sharifa ta soya waina aka rarraba wa maƙwabta. Saleh ya tambaya wane littafi aka sauke, Babakura ya ce wani ne da suka daɗe suna ja shi da mai ɗakinsa, Saleh ya yi ta sa albarka.

Direban Jakusko ya yi ta hon a ƙofar gida, ya gaji ya tafi. Babakura bai sake fita ba sai masallaci. Ya samu wata 'yar kujera ta mata ya ajiye a bakin katifarta, shi ke ba ta ruwa, shi ke juya ta, shi ke kore mata ƙuda. Masu dubiya in sun ce yaya jiki, su biyun sukan haɗa baki su ce da sauƙi, in an fita su ci gaba da maganarsu ta gaskiya: wa za a ba zarenta, wace hula ce ba ta gama ba, me za a yi in mai neman Sharifa ya turo. Ta rasu ana tsakiyar yankan shinkafa, da hantsi, yana zaune a kujerar.

Da aka dawo daga maƙabarta aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Wajen azahar wata maƙwabciya ta aiko da tuwon shinkafa da miyar kuka, aka ajiye a gaban masu makoki don al'ada, kowa ya san mijin mamaciya ba ci zai yi ba. Babakura ya jawo kwanon, ya wanke hannu, ya yi bisimilla. Mutane suka kalli juna. Saleh ya ɗaure fuska ya kau da kai, wani dattijo a gefe ya ce a hankali, ko ƙasar kabarin ba ta bushe ba.

Sharifa tana leƙe daga zaure, ita kaɗai ta ga yadda kowace loma ke tsaya masa a wuya sai ya runtse ido ya tura ta da ƙarfi, hawaye na bin gemunsa yana ɗiga a miyar. Bai tsaya ba, bai kuma kalli kowa ba, har ya kai ƙasan kwanon ya suɗe. Sannan ya rufe shi, ya tura gaba, ya ce da muryar da ta dushe:

“A gaya wa mai girkin an gode. A ce mata na cinye.”